Shatin Hannu a Ƙofar Baya

Ana dab da kiran magariba, Rosdi yana tsugune a gindin wata baƙar mota yana shafa mata rufin ƙarshe. Aikin nan ba ya son gaggawa. A ɗiga ruwan maganin a kan ɗan soso, a ja shi a hankali daga sama zuwa ƙasa, a jira ya kama jikin fenti, sannan a bi shi da tsumma mai laushi. In ya bushe shi ke nan, ruwan sama ya sauka ya gangare, kashin tsuntsu ba ya cin fentin, rana ba ta koɗar da shi. Amma kafin ya bushe, ko ɗigon zufa ya taɓa shi aiki ya lalace. Shi ya sa tun la'asar Rosdi ya saki labulen roba na rumfar, ya ɗaure tawul a goshi, ya hana kowa ratsawa.

Kowan ma su nawa ne? Matarsa Rohaya ce, sai 'yarsu Izzati da suke kira Along saboda ita ce babba. Gidan katako ne a kan ginshiƙai, can gefen garin Pasir Mas, rumfar aikin tana manne da shi. Gida ne da ba a ɗaga murya a cikinsa, ba don ladabi ba, don dai ba wanda yake da abin faɗa.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rumfar.

Rosdi bai ɗaga kai ba. Na biyu ya sauka, na uku ya biyo baya da ƙarfi har ƙura ta zubo daga jikin katako. Nan ne ya miƙe zumbur, ya ware hannuwa a saman motar. Ka ji mutum! Ana jifan gidansa, shi fentin wani yake karewa. Da jifan ya tsaya ya ɗaga labule ya fita, ya tsinci dutsen a gindin ginshiƙi. Sumul yake, a jiƙe, da sanyi, yana warin lakar kogi. Ranar ko yayyafi ba a yi ba, kogin kuma ba kusa yake ba. Ya san warin nan sarai. Ya yar da dutsen, ya wanke hannu, ya koma ya ƙarasa ƙofar da ya fara, don ba a barin rufi rabi da rabi.

Rohaya ta tsaya a kan matakala da mayafin salla, ta kira shi yadda ta saba, irin kiran da matan garin suke yi wa mazajensu. "Abe, ka ji?"

Ya ce yara ne. Ta tambaye shi waɗanne yara ne suke yawo ana kiran salla. Ya ci gaba da shafarsa, ita ma ta koma ciki.

Ba tun asali Rosdi yake haka ba. Da can mutum ne mai baki, yana wankin mota yana tsokanar masu wucewa, ya ce wa wannan motarsa ta fi shi buƙatar wanka, ya ce wa wancan ya kawo babur ɗinsa a yi masa sutura. Sai aka yi babbar ambaliya. Ya ɗauko autansu Fikri a 'yar farar motarsu zai kai shi makarantar kan tudu inda aka tara jama'a, su Rohaya suna can tuni. A ƙaramar gadar bayan gari ruwa ya ɗaga motar. Shi ya fito. Yaron kuwa sai bayan kwanaki aka same shi can ƙasa a wata gonar roba. Rosdi bai yi kuka a wurin jana'iza ba, bai yi bayanta ba. Mutane suka ce tawakkali ne. Wallahi ba tawakkali ba ne, jin komai a rai ne ya ɗauke masa gaba ɗaya. Abinci ba daɗi ba ɗaci, barci ba mafarki, gaisuwa a amsa a wuce.

Da aka janyo motar daga fadama, duk jikinta busasshiyar laka ce. A ƙofar baya ta hagu, ƙasa da mariƙi, akwai shatin ƙaramin hannu, yatsu a ware. Rohaya ta ce ai motar ta yi kwanaki a fili, kowane yaron ƙauye zai iya dafa ta. Rosdi bai ma ji ta ba. Ya wanke motar tas, ciki da waje, ya bar wurin nan kaɗai. Sannan ya yi abin da duk mai sana'ar nan ya san ba a yi. Farkon abin da ake koya wa mutum shi ne ba a rufe datti, sai an wanke, an goge, an haska fitila an tabbata fenti ya fita fes, sannan a sa rufi. Shi kuwa ya fesa ruwan ƙyalli a kan lakar, ya bari ya bushe ya ƙara, ya sake ƙarawa, ya goge shi har ya yi santsi, ya bi shi da rufin da ya fi kowanne ƙarfi a rumfarsa. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Hannun ya zauna a ƙarƙashin ƙyalli, ko ruwa ko iska ba mai isa gare shi. Bai gyara injin ba. Ya tura motar ƙuryar rumfa ya lulluɓe ta, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya yaye lulluɓin ya goge wurin, ya mayar.

Jifan bai tsaya a ranar farko ba. Kullum rana ta yi ja sai ya fara, ana idar da salla ya daina. Maƙwabta suka fito da fitilu suka zagaye gidan, suka leƙa bishiyoyin kwakwa, ba kowa. Baƙar motar nan, da safe Rosdi ya same ta da ɗige-ɗigen ruwan laka tun daga gaba har baya, alhali labule a sake yake. Ya kankare rufin ya sake sabo. Motar da aka kawo bayanta ma haka. Shinkafa ta fara warin kogi a tukunya. Da yamma a kan ji motsin ruwa a ƙarƙashin gidan, a leƙa a ga ƙasa a bushe, kaji sun taru a gefe guda sun yi tsit.

Sannan abin ya koma kan Izzati.

Yarinya ce mai shiru, tana ajin ƙarshe a sakandare. Tun rasuwar ƙaninta ta koyi tafiya a gidan ba tare da katako ya yi ƙara ba. Ubanta bai taɓa yi mata tsawa ba, bai kuma taɓa tambayarta ya makaranta ba. Wata safiya ta tashi hannunta na hagu a buɗe, yatsu a ware, a sandare, ya ƙi naɗuwa. Rohaya ta gasa shi da ruwan ɗumi, ta shafa man zafi, ta kai ta asibiti. Aka ɗauki hoto aka ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. Hannun dai yana nan da sanyi, fatar tana wani irin sheƙi. Da magariba sai a neme ta a rasa, a same ta tsaye a ƙuryar rumfa gaban lulluɓaɓɓiyar motar, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa.

Ran nan Rosdi yana wanke sosunansa a bokiti, ita tana tsaye a bayansa kamar kullum. Sai ya ji an ce, "Abah," wato Baba.

Ba muryar Izzati ba ce. Muryar yaro ce ƙarami, da 'yar shaƙewar hancin nan da Fikri yake fama da ita duk damina.

Sosan ya suɓuce masa. Bai juya ba, don yana tsoron in ya juya a daina. Aka sake cewa Abah, aka ce ruwa ya shigo ta ƙasa, takalminsa ya jiƙe. Shi ke nan maganar. Da ladan ya idar, yarinyar ta sulale ƙasa, Rohaya ta zo ta ɗauke ta tana salati.

To a nan ne labarin ya yi muni, kuma ba aljanin ne ya munana shi ba. Rosdi ya fara tashi daga aiki da wuri. La'asar sakaliya sai ya wanke hannu, ya jawo ɗan benci ya zauna kusa da farar motar yana jira. Yarinya tana ramewa, ba ta cin abinci, ta daina zuwa makaranta, gashinta yana zuba a matashi. Shi kuwa idonsa ya fara haske. In Rohaya ta kawo zancen a nemo malami, sai ya ce a bari tukuna a ga yadda maganin asibiti zai yi. Wane maganin asibiti? Ƙwayar ƙarin jini ce kawai aka ba su. Rohaya ta dube shi a kan bencin nan wata yamma, ta gane abin da yake jira, ranta ya yi baƙi ƙirin. Ba ta ƙara neman izininsa ba. Washegari ta hau babur ɗin ƙanwarta ta tafi wurin Tok Deraman.

Tok Deraman tsohon malami ne, yana da 'yar makaranta a bakin gonakin shinkafa. Siriri ne, ga farin rawani, ga zanen ɗaurawa da ya sha wanki. Ya iso bayan la'asar a kan wani babur da rabonsa da ruwa tun ranar da aka saye shi. Ya kafe shi a bakin rumfar, ya dubi motocin da suke walƙiya, ya ce wa Rosdi kada ya kuskura ya taɓa masa babur, dattin ne yake riƙe da shi. Rosdi bai yi dariya ba. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya nemi ruwan alwala.

Aka shimfiɗa tabarma a cikin rumfar, don nan abin yake zuwa. Suka yi sallar magariba a gajarce, duwatsu suna sauka a kan kwano ɗaya bayan ɗaya. Rohaya ta riƙe Izzati ta baya. Tok Deraman ya ajiye kwanon ruwa a gabansa ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya tsayawa sai don numfashi. Duhu ya fara shigowa ta ƙasan labule. Jifan ya tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi jifan nauyi, ko kwaɗi ba ka ji.

Yarinyar ta miƙe wuya, ta yi wani dogon numfashi mai gurnani. Muryar da ta fito ta tsoho ce, a dishe, a gajiye. Ta ce a daina karatun nan haka, yana ƙona shi, shi bai zo faɗa ba.

Tok Deraman ya tambaye shi ko shi wane ne. Ya ce mazaunin ƙarƙashin ƙaramar gada ne, tun kafin a yi gadar. Ya tambaye shi me yarinya ta yi masa. Ya ce ba ta yi masa komai ba, ita ce dai ya samu a buɗe, don ba mai kallonta a gidan.

"To fita," in ji Tok Deraman. "Ka ji tsoron Allah ka koma inda ka fito."

"Da wane hannun zan koma?"

Aljanin ya ce ranar ambaliya motar nan a kan gidansa ta faɗo, ya sa hannu ya ture ta, hannun ya kama cikin laka. Bai damu ba. Ai kowa wanke laka yake yi, ta bi magudana ta koma kogi, mai hannu ya ɗauki abinsa. Ya yi ta jira. Damina ta zo ta wuce, ba ɗigon da ya taɓa wurin. "Duk garin nan an wanke," in ji muryar. "Masallaci an wanke, kasuwa an wanke. Sai wannan mutumin, mai wankin mota, shi ne ya rufe ni."

Rosdi ya yi magana karo na farko. Ya ce hannun ƙarami ne, na yaro ne.

"Ka taɓa ganin nawa?" in ji muryar.

Tok Deraman ya ɗaga wa Rosdi hannu ya ce kada ya ƙara tanka wa aljanin, irinsu sukan faɗi gaskiya ɗaya su haɗa da ƙarya goma. Ko hannun wane ne, laka ce ta kogi, a mayar masa da abarsa ya tafi. Ya juya ga yarinyar ya ce za a kankare shatin, za a kai ƙurar zuwa gada, shi kuma aljanin ya yi rantsuwa zai fita ba zai dawo ba. Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Na yarda. Amma a tambayi mai gida, ba lallai yana so ba. Ni na saba da nan. Yarinyar tana da ɗumi. Muryar yaron kuma tana wurina, na ji ta sosai ranar, har ƙarshe. In ya bar ni, kullum da magariba zan kawo masa. Akwai abin da yaron ya faɗa da bai ji ba tukuna. Ya zaɓa."

Tok Deraman ya ce ba a ciniki da shaiɗani, ya dubi Rosdi yana jira ya tashi ya ɗauko kayan aikinsa.

Rosdi bai tashi ba.

Yana zaune a kan bencinsa, hannuwansa a kan gwiwa, idonsa a kan lulluɓin motar. Ba wai tunani yake yi ba. Da tunani ne da sauƙi. Zama kawai ya yi, bakinsa a rufe, lokaci yana tafiya. Sauro ya sauka a wuyansa ya sha ya tashi. Can nesa aka fara gyaran lasifikar masallaci. Tok Deraman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kai, shirun nan ya yi tsawo, duk wanda yake wurin ya san ya yi tsawo.

Rohaya ce ta kwantar da 'yarta a kan tabarma, ta tashi ta je teburin aiki. Ba ta san sunan ko ɗaya daga kayan ba, amma ta shekara ashirin tana ganin wanda ake cin fenti da shi. Ta ɗauko injin da sanfefa ta dire masa a cinya, ta fizge lulluɓin motar ya faɗi ƙasa.

"Rosdi," ta ce. Ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba sai ranar. "Wancan na binne shi. Wannan tana numfashi."

Ya tashi. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin ƙofar don tare ƙura, ya kunna fitilar aiki, ya durƙusa. Hannun yana nan yadda ya bar shi. Ya ajiye injin gefe, don iskarsa za ta watsa ƙurar, ya naɗe sanfefa a ɗan katako ya fara da hannu. Ashe ya iya aikinsa fiye da kima. Rufin ya ƙi ci. Ya yi ta gurza, farin gari yana zuba, zufa tana shiga masa ido, kafin ya kai ga lakar.

Yana taɓa ɗan yatsan farko muryar yaron ta dawo.

"Abah, da zafi. Abah, bari."

Hannunsa ya tsaya. Tok Deraman ya ɗaga murya da karatu, ya dafa kafaɗarsa ya matsa. Rosdi ya ci gaba. Muryar ta yi kuka, ta yi magiya, ta ce tana jin sanyi, ta kira shi duk irin kiran da Fikri yake yi masa in yana son a ɗauke shi. Bai toshe kunne ba, ba halin yi. Ya saurari komai yana gurzawa. Ƙaramin yatsa ya goge, sai Rohaya ta ga ƙaramin yatsan Izzati ya naɗe. Na kusa da shi ya bi. Haka aka yi ta yi har tafin. Da ya share na ƙarshe, ba abin da ya rage sai wani fili fari fat a jikin ƙofa, muryar aljanin ta dawo ta ce ya karɓa. Tok Deraman ya sa shi ya yi rantsuwa, ya yi. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, warin kogi ya fita daga rumfar kamar an buɗe taga. Can ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Rohaya ta fashe da kuka.

Tok Deraman ya ƙulle ƙyallen da kansa. Ya ce da hantsi a kai gada a zuba, yarinyar ta je ta gani da idonta don zuciyarta ta kwanta. Ya ƙi cin abinci, ya ce ana jiransa limanci. A bakin rumfa ya riƙe hannun Rosdi, sannan ya tada babur ɗinsa ya tafi.

Da hantsi uba da 'ya suka taka zuwa gadar. Rana ta fito sosai, ruwan ya janye ya zama ɗan siriri a tsakiyar yashi, wasu mata suna wanki can gaba. Rosdi ya kwance ƙullin ya zazzage. Ɗan gari ne da bai cika cokali ba, ya sauka a kan ruwa ya bi shi. Ya jira ya ji wani abu a ransa, bai ji komai ba. Izzati tana tsaye a gefensa tana naɗe yatsunta tana warewa.

"Abah," ta ce, da muryarta. "Ina ji fa."

Ya dube ta.

"Duk abin da ake faɗa ina ji. Bakin ne kawai ba nawa ba. Da ya ce ka zaɓa, ina ciki ina jiranka." Ta sake naɗe yatsunta. "Ka daɗe."

Ba da fushi ta faɗa ba, shi ya fi komai ciwo. Sai yanzu ya ga yadda wuyanta ya rame, ya ga ta kusa kama shi a tsawo, bai san yaushe hakan ta faru ba.

"Da Mak ba ta tashi ba," ta ce, uwarta take nufi, "me za ka ce?"

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, kowane uba zai iya yin ta. Ya buɗe baki ya neme ta, ta ƙi fitowa.

"Ban sani ba, Along."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da ta zata ke nan. Ta gyara ɗankwalinta ta juya ta kama hanyar gida ita kaɗai. Rosdi ya tsaya da ƙyallen a hannu yana kallon bayanta, sai tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana cikin ruwan nan. Ya kira ta, ba ta tsaya ba. Ya bi ta da sauri, takalminsa yana fita, ya sake kira.

Ta tsaya a bakin hanya. Amma ba ta juyo ba.